Ƙwaƙwalwa a Ma'auni: Biliyan 69 a Ƙeya, Dubu 500 a Can Ciki

Shekara da shekaru littattafan likitanci suna cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya biliyan 100. Malami ya faɗa wa ɗalibi, ɗalibi ya girma ya faɗa wa nasa ɗaliban. Da wata masaniya 'yar ƙasar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, ta bi sawun adadin don ta gano wanda ya fara ƙirga shi, ba ta sami kowa ba. Kintace ne ya daɗe a bakin mutane har ya sami gindin zama. A shekarar 2009 ita da abokan aikinta suka fitar da tasu ƙidayar: biliyan 86.

Dabarar da suka yi ba ta da wuyar ganewa. Ƙwayoyin ba su bazu daidai wa daida ba. Wani wuri sun cunkushe, wani wuri sai ɗai-ɗai, don haka in ka yanki ɗan ɓangare ka ƙirga, ba ka san na sauran ba. Sai suka narkar da kowane sashe ya zama ruwa-ruwa, jikin ƙwayoyin ya fashe amma cibiyar kowace ƙwaya ta tsira, suka gauraya shi kamar yadda ake dama fura har ko'ina a ƙwarya ya zama kauri ɗaya, ludayin da ka ɗiba a gefe ya ba ka labarin na tsakiya. Daga nan suka ɗebi kaɗan, suka sa masa rinin da ke kama cibiyar ƙwayar jijiya kaɗai, suka ƙirga a madubin likita, suka ninka.

Kafin a riƙe wannan adadi hannu biyu, a san iyakarsa. Ƙwaƙwalwa huɗu kacal aka yi aikin da su, duk na maza, masu shekara 50 zuwa 71, kuma masu binciken da kansu sun ce adadin na iya hawa ko sauka da kamar biliyan 8. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka raba waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙoƙon kai.

Sashen da kowa ya sani a hoto, mai lanƙwashe-lanƙwashen nan, wato ɓawon babbar ƙwaƙwalwa haɗe da farin naman da ke ƙarƙashinsa, shi ya kwashe kashi 82 cikin ɗari na nauyi, amma ƙwayoyinsa biliyan 16 ne, kashi 19 cikin ɗari. Ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira serebelum, tana lafe a ƙeya ƙarƙashin babbar. Nauyinta gram 150 da 'yan kai, kashi 10 cikin ɗari, amma ita ke riƙe da ƙwayoyi biliyan 69, kashi 80 cikin ɗari na duka. Abin da ya rage su ne sassan can ciki: talamus, haifotalamus, gungun ƙwayoyin da ake kira basal gangiliya, da mafi yawan kututturen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Nauyinsu kashi 8 ne, ƙwayoyinsu kuwa ba su cika miliyan 700 ba. Ko kashi 1 cikin ɗari ba su kai ba.

Miliyan da biliyan suna kama da juna a kunne, don haka bari mu mayar da su lokaci. A ce mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu. Na ƙaramar ƙwaƙwalwa za su ci masa shekara kusan 2,200. Na ɓawon babbar, shekara 500 da ɗoriya. Na sassan can ciki gaba ɗayansu, shekara 22.

Me ya tara su a ƙeya?

Sirrin yana ga ƙanƙanta. Mafi yawan ƙwayoyin ƙaramar ƙwaƙwalwa, kimanin biliyan 50 ko fiye, wasu 'yan mitsi-mitsi ne waɗanda faɗin kowace bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. In ka raba adadin da nauyi, gram ɗaya na ƙaramar ƙwaƙwalwa yana ɗauke da ƙwayoyi kusan miliyan 450, gram ɗaya na babbar kuwa miliyan 13. Ninki 30 da wani abu ke nan. Ga kuma naɗi. Saman ƙaramar ƙwaƙwalwa an ninke shi siri-siri, ninki a kan ninki. A 2020 wani masani mai suna Martin Sereno da abokan aikinsa suka yi amfani da na'urar hoto mai ƙarfin gaske suka warware wannan naɗi a kwamfuta, sai ga shimfiɗa mai faɗin santimita 10 da tsawon kusan mita ɗaya. Faɗin fuskarta ya kai kashi 78 cikin ɗari na fuskar ɓawon babbar ƙwaƙwalwa. A wani nau'in biri da suka auna, kashi 33 ne kawai.

Duk wannan taro ƙofar fitarsa ɗaya ce. Akwai wasu manyan ƙwayoyi masu rassa, waɗanda Jan Purkinje, masani ɗan ƙasar Cek, ya bayyana a 1837, har aka sa musu sunansa. Ana ƙiyasta su da kamar miliyan 15, wato kowace ɗaya tana da ƙananan nan fiye da 3,000 a bayanta. Zaruruwan ƙananan suna ratsa rassan manyan, har ƙwayar Purkinje guda takan karɓi saƙo ta mahaɗa 100,000 zuwa 200,000. Ban da waɗannan, akwai wani zare na daban da ke tasowa daga kututture ya nannaɗe ƙwayar, yawanci zare ɗaya ga ƙwaya ɗaya, kuma ba ya yawan magana, kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Amma in ya yi magana, ƙwayar gaba ɗaya sai ta amsa. David Marr a 1969 da James Albus a 1971 suka ce wannan zare shi ne mai tsawatarwa: in motsi ya kauce, shi ke kawo labarin kuskure, sai a gyara ƙarfin mahaɗan da suka jawo shi. A 1982 Masao Ito a Japan ya nuna a ɗakin gwaji cewa lalle mahaɗan suna yin rauni ta wannan hanya.

Daga nan za a gane aikinta. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta fara motsi. Umarni daga sama yake zuwa. Nata shi ne ta kwatanta abin da aka yi niyya da abin da jiki ke yi, ta hango inda hannu zai kai kafin ya kai, ta daidaita ƙarfi da lokaci. Yarinyar da ke tafe da tulu a ka ba ta riƙe ba, ɗan acaɓan da ke ratsa cunkoso, makaɗin da hagunsa ke matse kalangu damansa na bugu, duk aikinta ne. Yawan ƙwayoyin kuwa domin yanayin jiki ba ya ƙirguwa: kowane haɗi na matsayin gwiwa da nauyin kaya da santsin ƙasa yana bukatar a bambance shi da ɗan'uwansa. A shekarar farko ta rayuwar jariri, lokacin koyon zama da rarrafe da tsayuwa, wani bincike na 2008 ya nuna girman ƙwaƙwalwa baki ɗaya yana ninkawa sau biyu, amma na ƙaramar yana ƙaruwa da kashi 240 cikin ɗari. Giwa ta fi mu bayyana wannan. Ƙidayar 2014 ta sami ƙwayoyi biliyan 257 a ƙwaƙwalwar giwar Afirka, ninki uku na namu, amma fiye da kashi 97 cikin ɗari suna ƙaramar ƙwaƙwalwarta, ɓawon babbar kuwa biliyan 5.6 kawai. Masu binciken suna ganin sarrafa hancin nan mai ɗaukar gungume ya kuma tsinci ƙwayar hatsi shi ya bukaci haka.

Alamomin lalacewarta an fayyace su sosai a 1917, lokacin da likita Gordon Holmes ya bayyana sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da harsashi ya sama a ƙeya. Ba su shanye ba, amma in aka ce mutum ya taɓa hancinsa da yatsa sai hannun ya wuce ko ya gaza, yana rawa in ya kusa kaiwa. Tafiya sai da tangaɗi, magana a rarrabe. Kuma gefen da ya ji rauni shi ke nuna alama, saɓanin babbar ƙwaƙwalwa da dama ke mulkin hagu. A 1998 Jeremy Schmahmann ya ƙara da cewa, daga majinyata 20 da ya bibiya, raunin wasu sassanta yana taɓa tsara tunani da harshe da hali, ba motsi kaɗai ba.

Duk da haka, a 2014 likitoci a lardin Shandong na ƙasar Sin suka ba da labarin wata mace 'yar shekara 24 da ta zo asibiti da jiri da tashin zuciya. Hoto ya nuna ba ta da ƙaramar ƙwaƙwalwa sam. Ruwa ne ya cike gurbin. Haka aka haife ta. Sai da ta kai shekara 6 maganarta ta fito sarai, ta yi tafiya da kanta tana 7, kuma tafiyar ba ta taɓa daidaituwa ba. Amma ta yi aure, ta haifi 'ya. Ita ce ta tara da aka taɓa tabbatarwa da rai a wannan hali. Kada a ɗauki labarinta a ce sashen ba shi da amfani. Ƙwaƙwalwar da ta taso babu shi tun ciki ta sami shekaru tana neman wata hanya, wanda babban da ya rasa shi rana ɗaya ba zai samu ba. Abin da labarin ya tabbatar shi ne mutum na iya rasa kashi huɗu cikin biyar na ƙwayoyinsa, ya kuma farka da safe, ya san sunansa, ya san 'yarsa.

Kashi ɗaya da ba a iya rasawa

A can ciki lissafin ya juya. Talamus guda biyu ne, dama da hagu, kowane tsawonsa santimita 3 zuwa 4. Gani da ji da taɓi da ɗanɗano duk sai sun yada zango a nan kafin su hau ɓawo. Ƙamshi kaɗai ke da tasa hanya. In duka biyun suka lalace sosai, mutum na iya faɗawa doguwar suma ko da ɓawon nasa lafiya lau.

Ƙarƙashinsa haifotalamus yake, gram 4 a cikin ƙwaƙwalwa mai kusan gram 1,400. Shi ke riƙe zafin jiki a kusa da digiri 37, shi ke sa yunwa da ƙoshi, shi ke ba da umarni ga wata 'yar halitta mai rabin gram da ke rataye ƙarƙashinsa, wadda ke tafiyar da girma da haila da shayarwa. Mai azumi a zafin bazara a Sakkwato ko Agadas yana jin aikinsa kai tsaye: kaurin jini ya ƙaru da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kawai, sai ya aika wa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙishirwa ta taso. A cikinsa akwai gungu mai ƙwayoyi kimanin 20,000 wanda shi ne agogon jiki, yana saita kansa da hasken da ido ke kawowa. Mai ƙirgarmu zai gama da su cikin awa biyar da rabi. Akwai wani gungu mai kamar 70,000 da ke riƙe mutum a farke. Masu cutar da ke sa barci ya kayar da mutum ana cikin magana an tarar sun rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗannan.

Wurin da ya fi cancanta a daɗe a kansa shi ne wani baƙin zane a saman kututture, wanda ake iya gani da ido in an yanka. Ƙwayoyinsa suna yin sinadarin dofamin, kuma adadinsu a ɓangarorin biyu kimanin 400,000 zuwa 600,000 ne. In muka ɗauki 500,000, ƙwaya ɗaya ke nan a cikin kowace 172,000 ta ƙwaƙwalwa. Ƙirgar kwana shida. Aikinsu kuwa shi ne su shayar da basal gangiliya, inda ake tace motsi, a saki wanda ake so a danne sauran, kuma inda abin da aka maimaita ke zama ɗabi'a. Ta yaya 'yan tsiraru za su shayar da wuri mai faɗi haka? Ta hanyar rassa. An ƙiyasta cewa in aka miƙe rassan zaren ƙwaya ɗaya za su haura mita 4, da mahaɗa fiye da miliyan ɗaya. Kaya ne mai nauyi ga ƙwaya guda, kuma masana da dama suna ganin wannan nauyi na cikin abin da ya sa suka fi saurin mutuwa.

Mutuwarsu ita ce cutar Parkinson, wadda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817 daga mutum shida, uku daga cikinsu ma a titi ya gan su. Hannu na karkarwa yana ajiye, jiki ya sanƙare, taku ya gajarce, fuska ta daina nuna abin da ke zuci. Duniya ta ga wannan a jikin Muhammad Ali, wanda aka tabbatar masa da cutar a 1984. Adadin da ya kamata a lura da shi: a ƙiyasin da aka fi ambato, alamun ba sa fitowa sai kusan rabin ƙwayoyin sun tafi, domin waɗanda suka rage suna ta ƙara ƙoƙari. Ranar da iyali suka fara ganin rawar hannu, cutar ta yi shekaru tana aiki. Wannan yana ba ni tausayi, musamman in na tuna dattijon da ake ce wa tsufa ne kawai, ko a ce sammu, alhali akwai maganin da ke sassauta masa. Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna muhimmancin dofamin a 1957, Oleh Hornykiewicz ya tarar da ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar masu cutar a 1960, George Cotzias ya nuna a 1967 cewa maganin lebodofa yana tayar da wanda ya kasa tashi. A 1987 Alim-Louis Benabid a garin Grenoble na Faransa ya fara dasa siririyar waya a can ciki, wadda ke bugun lantarki kamar sau 130 a daƙiƙa, karkarwa ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5, ninki biyu na shekara 25 da suka gabata. A 2023 kuma wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado, wanda ya yawaita a mutanen Afirka ta Yamma kuma yake ƙara haɗarin cutar, abin da binciken da aka daɗe ana yi a kan Turawa bai gani ba.

Basal gangiliya tana da wani maƙiyi tun ranar farko. Kusan jarirai 6 cikin 10 suna yin shawara a makon haihuwa, yawanci ta wuce ba komai. Amma in sinadarin da ke sa rawayar ya yi yawa, yakan tsallaka ya zauna a waɗannan gungu na ciki, ya bar yaro da murɗewar jiki da kurumta har abada. Hasken fitila ta musamman a asibiti yana hana wannan in an kai jariri da wuri.

Kututturen kansa bai wuce santimita 8 ba. Daga cikin jijiyoyi tagwaye 12 da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, 10 daga nan suke, masu juya ido da haɗiya da murya. Nan ne ake kaɗa numfashi, sama da sau 20,000 a yini, daga wani ɗan gungu da aka gano a 1991. Wannan gungu ne kodin da danginsa ke dannewa in an sha fiye da kima, har mutum ya daina numfashi cikin barci. Kuma shi ya sa zubar jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa ke kisa: ba don rashinta ba, don kumburin yana matse kututturen da ke gabanta.

Jijiyar da ba ta kai milimita ba

Umarnin motsi yana saukowa daga ɓawo ta zaruruwa kimanin miliyan ɗaya a kowane ɓangare. A sama a baje suke, amma da za su wuce tsakanin talamus da basal gangiliya sai su matsu a wata 'yar siririyar hanya, sannan a ƙasan kututture kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari su tsallaka ɗaya gefen. Saboda wannan matsi, rauni wanda bai kai milimita 15 ba a wannan hanya yana iya shanye fuska da hannu da ƙafa na ɓari guda. Rauni irinsa a wasu wurare na ɓawo mai shi ba zai ma sani ba.

Jijiyoyin jinin da ke ciyar da wannan yanki kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, kuma kai tsaye suke ɓallewa daga babbar jijiya, don haka duk ƙarfin bugun jini a kansu yake sauka. Ba su da maƙwabciyar da za ta karɓi aikinsu in sun toshe. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot tun ƙarni na 19 ya laƙaba wa ɗayarsu sunan jijiyar zubar jinin ƙwaƙwalwa. Shekarun hawan jini suna sa bangonsu ya yi kauri ya toshe, ko ya yi rauni ya fashe.

A nan lissafin ya iso ƙofar gidanmu. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya da Kumasi, ya kwatanta mutum 2,118 da suka sami shanyewar ɓarin jiki da wasu 2,118 masu lafiya, aka buga sakamakon a 2018. Kashi 68 cikin ɗari toshewa ce, kashi 32 fashewar jijiya. A Turai da Amurka fashewa ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba, kuma ita ce ta fi kisa. Sai babban adadin: hawan jini, kashi 90.8 cikin ɗari.

Wannan adadi ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Ba yana nufin mutum 9 cikin masu hawan jini 10 za su shanye ba. Ma'anarsa ita ce, da za a kawar da hawan jini daga al'ummar da aka bincika, bisa lissafi kusan 9 cikin kowace shanyewa 10 da ba ta faru ba. Binciken ya lissafa wasu abubuwa goma ban da shi, ciki har da yawan kitse a jini, ciwon suga, tumbi, yawan cin nama, ƙara gishiri a abinci bayan an zuba, da ƙarancin cin ganye irin su zogale da alayyafo da rama. In ka tara kasonsu ɗaya bayan ɗaya za su zarce ɗari nesa ba kusa ba, domin mutum ɗaya yakan haɗa uku ko huɗu, kowanne kuma a lissafa shi a nasa gurbi. Da aka haɗa duka goma sha ɗayan a lissafi guda, sun ɗauki kashi 98 cikin ɗari. Ma'aunin da ake fara kiran hawan jini da shi 140 bisa 90 ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da suka kai wannan ma'auni a duniya ba su san sun kai ba.